Na shiga gidan wani ɗan kasuwa mai shekara sama da 700 a Southampton, amma wata tambaya ta biyo ni gida

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ke nan ina aikin jinya a Southampton ta Ingila, kuma ban san iyakar wucewata ta tsohon gari ba in zan gangara bakin ruwa, amma sai Asabar ɗin nan Allah ya nufa na shiga wani gida da nake gani a French Street, mai lamba 58. Daga waje ba wani girma gare shi ba. Siriri ne, ya ba titi fuska, ɗakin sama ya turo gaba ya zauna a kan ginshiƙan katako, ƙarƙashinsa ya zama 'yar rumfa, ga ganga a rataye alamar abin da ake sayarwa. Ashe wajen shekarar 1290 aka gina shi. Mai shi wani attajiri ne, John Fortin, mai fataucin giyar inabi daga Bordeaux ta Faransa.

Tsarin cikin ne ya kama ni. Shago yana bakin titi. Wani lungu siriri ya bi ta gefe har ƙurya. A tsakiya babban ɗaki ne marar silin, in ka ɗaga kai sai ka hango katakon rufi can sama, nan ake cin abinci, nan ake tarbar baƙi. Bayansa ɗakin maigida. A sama ɗakunan kwana biyu, na gaba da na baya, wata 'yar gada ta katako ta haɗa su ta saman babban ɗakin. Ƙarƙashin ƙasa kuma rumbun ganguna ne, sanyinsa ɗaya rani da damina.

A ɗakin sama na gaba na daɗe a tsaye. Akwai wasu tsage-tsage a jikin katako, alamar da kafintocin suka yi don su gane wane ice ne abokin wane. Hannun da ya yi wannan tsagar ya fi shekara 700 da zama ƙasa, ga aikinsa yana riƙe da rufi.

To ga abin da ya biyo ni gida. Gadaje da akwatuna da teburan da ke ciki duk sababbi ne, an ƙera su a kamannin na da. Rufin ma sabo ne. Kuma an cire yawancin abin da mazaunan baya suka ƙara domin a maido da gidan yadda yake a farko. Shin gidan Fortin na shiga, ko gidan da masu gyara suka gama a 1985?

Abdulhadi:
Wa alaikumus salam Anti. Kin taɓo inda nake so, don karatuna a nan Ingila ya shafi wannan zamanin. Bari in ɗan shimfiɗa tabarma kafin manya su zo.

Dalilin da ya sa mutumin Southampton zai yi arziki da kayan Bordeaux shi ne aure. A 1152 Henry, wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu, ya auri Eleanor, magajiyar yankin Aquitaine da ke kudu maso yammacin Faransa. Daga nan Bordeaux ta shiga hannun sarakunan Ingila har zuwa 1453, wato shekara 300. Jirage su fita da ulu, gashin tumakin Ingila da masaƙan Turai ke rububi, su dawo da giya. Gangar da ake zuba ta ana kiranta tun, tana cin galan 252, kusan lita 950. Girman jirgi ma da ita ake auna shi, a ce jirgi kaza yana ɗaukar tun kaza, kuma daga nan kalmar tan da muke faɗa yau ta samo asali. Sarki yana da nasa rabon, ganga biyu daga kowane babban jirgi.

Saboda haka rumbun ƙasan da kika gani shi ne zuciyar gidan. Sauran duk a kansa suke zaune, ta fuskar gini da ta fuskar kuɗi.

Alhaji Sani Kwari:
Ni ban taɓa taka Ingila ba, amma da na karanta bayanin Maman Iman sai na ji kamar na san mutumin nan. Kun san abin da ya sa gidan ya yi siriri ya miƙe ciki? Fuskar titi ce ke da tsada. Ko a nan Kantin Kwari, taku biyu na bakin layi sun fi ɗaki guda a can ƙurya daraja. Shi ya sa ya turo ɗakin sama waje, ya ci sarari a iska tunda ƙasa ta ƙare. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne tsantsa.

Sannan kwana a saman kayanka, wannan ai shi ne tsarin kakanninmu. Kakana a cikin birni zaurensa na farko nan fatake ke sauka, soro na biyu nan kaya suke, shi kuma turakarsa tana inda duk mai shiga da mai fita sai ya ji motsinsa. Babu maigadin da ya kai mai kaya.

Injiniya Zainab:
Alhaji ya yi gaskiya a kan fuskar titi. Gyara ɗaya zan yi don kada a ɗauka gidan katako ne zalla. Bangayensa na gefe dutse ne, wani ma daga tsibirin Wight da ke tsallaken ruwa aka kawo shi, wani daga Purbeck. Fuskar gidan da benen da rufin su ne aikin katako. Wanda yake son ganin katako har ya ƙoshi, Maman Iman ta ƙarasa Tudor House, tafiyar 'yan mintoci ce daga nan, an gina shi a shekarun 1490.

Malam Garba Kafinta:
Salamu alaikum. Ni kafinta ne a Sabon Garin Zariya, shekarata 34 da zarto a hannu. Tambayata ɗaya ce. Da wace irin ƙusa suka haɗa shi da har yau bai saki ba? Mu nan rufin da muka buga shekara 20 da suka wuce, in ka hau za ka tarar ƙusa ta yi tsatsa ta ci katakon da ke kewaye da ita.

Injiniya Zainab:
Baba Garba, babu ƙusar ƙarfe a gaɓoɓin ginin. Ana fafe rami a jikin ice ɗaya, a sassaƙa wa ɗayan harshe daidai ramin, a zura, sannan a huda su gaba ɗaya a buga turken ice. Itacen da suke amfani da shi shi ne wanda Turawa ke kira oak, taurinsa in ya bushe ya kusa na ƙirya. Dabarar ita ce da ɗanyensa suke aiki, lokacin da gatari da gizago ke cinsa. Yana bushewa a jikin gini yana ƙara tauri, yana ɗan murɗewa, shi ya sa tsofaffin gidajensu ba sa miƙewa sak.

Kuma a fili ake fara haɗa ginin a kwance, a gwada kowace gaɓa, a sa mata alama, a warware, a ɗauko zuwa wurin ginin a tayar. Alamomin da Maman Iman ta gani ke nan. Tsakanin itatuwan kuma, a irin wannan gini, ana saƙa tsumagu kamar saƙar asabari, a yaɓe da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa.

Malam Garba Kafinta:
Ikon Allah. Ramin da harshen na sani, da su muke haɗa ƙofa da ƙafar tebur, amma mu gam muke sa wa. Gida sukutum babu gam babu ƙusa kuwa sai na gwada da hannuna. Laka da kashin shanu kuma ai namu ne, ashe su ma sun yi.

Ustaz Nura:
'Yan uwa ku yi mini haƙuri, zan faɗi abin da ke raina. Tun ɗazu ana yabon gida, amma gidan nan da kuɗin giya aka gina shi, giya aka ajiye a ƙarƙashinsa, ganga ce a rataye a ƙofarsa. Me musulmi zai je nema a can, balle ya kai 'ya'yansa? Ba ina zargin 'yar uwata ba ne, tambaya nake yi tsakani da Allah.

Maman Iman:
Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma ni ma sai da na tsaya a ƙofar na yi tunani. Ba a sha ba a sayarwa a wurin yanzu, gidan tarihi ne. Da Iman na je, shekararta tara, ta tambaye ni me ke cikin gangar, na gaya mata gaskiya, na gaya mata hukuncinsa a wurinmu. A garin nan kullum sai ta wuce shagunan da ake sayar da abin a fili. Gara ta ji bayani daga bakina.

Hajiya Rabi:
Malam Nura, Allah ya ƙara ilimi. Ni shekara 31 na yi ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata kafin in yi ritaya. An umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, kuma waɗanda aka ce mu duba ɗin ba salihai ne duka ba. Kallon gida ba yarda da sana'ar mai gida ba ne.

Ustaz Nura:
Na karɓi wannan, Hajiya, matuƙar dubawar ta izina ce. Abin da nake gudu shi ne a tashi daga sha'awar gini a koma sha'awar rayuwar. Amma zan saurara.

Abdulhadi:
Malam, in izina ake nema gidan nan cike yake da ita. Bai kai shekara 50 da ginawa ba masifa ta auka wa garin. A 1337 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa, wanda ya ɗauki sama da shekara 100. A watan Oktoba na 1338 jiragen Faransawa da na sojojin hayarsu mutanen Genoa ta Italiya suka shigo Southampton. Ta tudu garin yana da ganuwa da ƙofofi, babbar ƙofar arewa, Bargate, tana nan har yau. Amma ta bakin ruwa kusan a buɗe yake, don gidajen attajirai ne jere a gaɓar, kowa da ƙofarsa da yake shigo da kaya kai tsaye daga jirgi. Ta nan aka shigo. Aka kashe, aka ƙone, aka kwashe ulu da giya har da na sarki. Kusurwa ɗaya ta bayan gidan Fortin ta rushe a wajen wannan lokaci, aka sake gina ta.

Sarki Edward na Uku ya fusata, ya ce a rufe garin ta bakin ruwa. Aikin ya ɗauki shekaru da dama. Da aka zo yi, sai aka toshe ƙofofi da tagogin gidajen attajiran da ke kallon ruwa, aka jera bakuna na dutse a jikinsu, bangon gidan mutum ya zama ganuwar gari. Anti, in kin bi ta yammacin tsohon garin za ki ga bakunan nan a jere, da shacin ƙofofin da aka toshe. Bayan shekara goma da harin kuma, a 1348, annoba ta shigo ta kwashe mutane.

Alhaji Sani Kwari:
Kai, wannan ta taɓa ni. A toshe maka ƙofar da kake cin abinci da ita. Mutum ya sayi fili a bakin ruwa da tsada saboda ƙofar nan, rana ɗaya a ce daga yau sai ka zaga ta ƙofar gari, ka biya 'yan dako, ka bi layi. Wanda bai taɓa riƙe shago ba ba zai san zafin wannan ba.

Injiniya Zainab:
Alhaji, amma ta ƙofofin nan aka shigo aka kashe talakawan da ba su da ko ganga ɗaya. Sauƙin mutum goma ne ya zama ajalin gari.

Alhaji Sani Kwari:
Ban musa ba 'yata. Ina dai cewa duk lokacin da hukuma ta yi sakaci, in abu ya faru, a kan ɗan kasuwa ake hucewa. Tsaron gari ai aikin sarki ne, shi da yake karɓar ganga biyu a kowane jirgi.

Abdulhadi:
A nan kam kun maimaita gardamar da su kansu suka yi, domin sarki laifin mutanen gari ya gani, su kuma suna kukan nauyin kuɗin ginin.

Hajiya Rabi:
Ku dawo da mu kan tambayar yarinyar nan, don ba a amsa mata ba. Abdulhadi, bayan Fortin su wa suka zauna a gidan?

Abdulhadi:
Hajiya, garin ya sake farfaɗowa a ƙarni na 15, lokacin da manyan jiragen Genoa da Venice ke zuwa. Daga baya ciniki ya koma Landan, unguwar ta tsufa. A ƙarni na 17 an raba gidan uku, ya zama gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Wajen 1780 ya zama masaukin 'yan wasan kwaikwayo. Daga baya ya zama mashaya mai suna Bull's Head. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gidan karuwai ne. A duk tsawon nan ana ta ƙara bango, ana rufe silin, ana shafe fuska, har aka manta abin da ke ciki.

A 1940 jiragen Jamus suka yi wa Southampton ruwan bama-bamai, saboda tashar jiragen ruwa da kuma masana'antar jirgin yaƙi na Spitfire da ke Woolston, tsallaken kogin Itchen. Mutane a rumbunan ƙasan tsofaffin attajiran nan suka riƙa ɓuya. Bam ya taɓa gidan, ya yaye abin da aka lulluɓe shi da shi, tsohon ginin ya bayyana. Hukumar gari ta saye shi, daga baya ya koma hannun English Heritage, masu kula da wuraren tarihi a Ingila, aka yi babban gyara daga 1983 zuwa 1985.

Hajiya Rabi:
To kun ji inda nawa ƙorafin yake. Fortin da iyalinsa shekara nawa suka yi a gidan? In an yi yawa, zuriya biyu ko uku. Sauran shekaru ɗaruruwa fa? Matar da ta haihu a ɗaya daga cikin gidaje ukun nan, ta yi wanki, ta yi jinyar miji, ta rufe silin don sanyi ya daina kashe mata yara, ita ba tarihi ba ce? Da aka zo gyara sai aka ɓare duk abin da hannunta ya taɓa, aka maido da gidan mai kuɗi. Yaro ya shiga yau, sunan attajiri kaɗai zai fita da shi. Haka muke yi a ko'ina. A aji na sha koyar da jerin sarakuna, wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi, ba a taɓa ba ni sunan mace ɗaya da ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ganuwa ba. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Kuma ku lura, ba don talakawan nan ba da gidan bai kai 1940 ba. Gidan da babu kowa a ciki shi ke faɗuwa. Su suka toshe yoyo, su suka hura wuta ta kori danshi. Sun riƙe shi shekara 300, ladansu shi ne a share sawunsu.

Maman Iman:
Hajiya kin faɗi abin da na kasa faɗa. Abin da ya dame ni ke nan ban san sunansa ba.

Injiniya Zainab:
Mama, maganarki tana da nauyi, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna gardama a kanta. Tun 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne a gyara abin da ya lalace kawai, kada a kankare shekaru don a maido da wani zamani da aka zaɓa. Da yawa daga masu aikin yau suna bayanki.

Amma bari in yi wa masu gyaran adalci. Na farko, ba gida lafiyayye suka samu suka ɓare ba, gida ne da bam ya riga ya yi wa rauni, abin da aka ƙara daga baya da yawansa ya lalace. Na biyu, gidajen haya na ƙarni na 18 da na 19 suna nan da yawa a Ingila, amma gidan ɗan kasuwa na 1290 da tsarinsa bai canja ba, da wuya ka samu irinsa. Na uku, ba duka suka share ba. Ɗakin sama na baya an bar masa silin ɗinsa na ƙarni na 19, daɓen bulo na rumbun ƙasa na ƙarni na 18 ne, ko murhun da ke babban ɗakin ba na farko ba ne, da can a tsakiyar ɗaki ake hura wuta hayaƙi ya tashi sama, daga baya aka gina masa mafitar hayaƙi a jikin bango.

Hajiya Rabi:
Silin ɗaya a shekara 300. Na gode da aka bar shi, amma bai ishe ni ba.

Injiniya Zainab:
Ni ma bai ishe ni ba, Mama. Sai dai in na tuna Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, nakan rasa gefen da zan tsaya. A shekarun 1970 an gina sabon masallaci ya lulluɓe tsohon. Bakunan ciki suna nan, amma surar waje ta tafi. Wani zai ce an ɓata, wani zai ce ba don haka ba da ruwan sama ya gama da shi. In wata rana aka ce a cire na siminti a maido da na Babban Gwani, waɗanda suka yi shekara 50 suna salla a sabon su ma za su ce an share nasu.

Yusufu Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga Zinder. Ni a wurina tambayar Maman Iman tana da sauƙi, wataƙila don a gidan ƙasa na tashi. Gidanmu a Birni kakan kakana ya gina shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe. Azara in ta gaji a zare a sa wata. Indararo an canja ba adadi. In ka bi diddigi, ƙasar da ke fuskar gidan yau babu ko tafi ɗaya da hannun mai ginin ya taɓa. Amma wa zai ce ba gidansa ba ne? Zaure yana inda ya sa shi, ƙofa tana kallon inda ya nufa da ita, wanda ya shigo dole ya bi ta inda ya tsara a bi. Maman Iman ta shiga ta lungun da Fortin ya shiga, ta tsaya inda yake tsayawa. Gidansa ta shiga.

Hajiya Rabi:
Ɗana, bambancin shi ne ku kuna ciki. Yaɓenku na masu gida ne, kowace shekara yana hawa kan na bara. Can kuwa an fitar da mutane, an tsayar da agogo a shekarar da aka ga dama, an sa igiya an ce kada a taɓa.

Yusufu Damagaram:
Wannan gaskiya ne Hajiya, ban yi tunaninsa ta nan ba. Amma da a ce mun tashi, gara a tsayar da agogon da a sayar wa mai buldoza.

Ustaz Nura:
Na ce zan saurara, kuma na saurara. Mutumin da ya gina rumbu don dukiyarsa ta dawwama, ƙarshe baƙi ne suka yi barci a ɗakinsa, ba su ma san sunansa ba. Matsayina a kan ganga a ƙofa bai canja ba. Amma Maman Iman, in kin koma da yarinyar, ki ba ta labarin matar da Hajiya ta ambata tare da na attajirin.

Maman Iman:
In sha Allahu Malam. Wancan karon ɗakin baya ban ko daɗe a ciki ba, na ga silin ɗin bai yi kama da sauran ba na wuce, ashe shi ne abin da ya rage na mutanen. Zan koma in tsaya a ƙarƙashinsa.

Malam Garba Kafinta:
Ku gafarce ni, na ɓace tun jiya, ina shago. Na samu guntayen maɗaci biyu na gwada abin da Injiniya ta faɗa. Rami ya yi, harshe ya shiga daidai, na huda na buga turke. Matsala biyu. Turken farko ya karye a ciki. Na biyu ya shiga amma gaɓar tana ɗan motsi in na girgiza. Me na yi ba daidai ba?

Injiniya Zainab:
Baba, da zarto ka yanko turken?

Malam Garba Kafinta:
Da zarto, na goge shi ya yi sumul.

Injiniya Zainab:
Shi ya sa ya karye. Zarto yana yanke jijiyar ice. Su faskara shi suke yi, ya tsage ya bi jijiyarsa daga sama har ƙasa, sannan a fere shi da wuƙa, baki ɗaya ya fi siriri, kuma a bar shi ya bushe fiye da itacen da zai shiga. Motsin kuma ga maganinsa. Kada ka huda su a haɗe. Fara huda mai ramin shi kaɗai. Zura harshen, sa alama ta cikin hudar, zare shi, sai ka huda harshen ka ɗan matsar da hudar wajen kafaɗarsa, kamar milimita 2 ko 3. In ka buga turken zai lanƙwasa kaɗan yana neman hanya, ya jawo harshen ciki da ƙarfi, kafaɗa ta manne. Ko icen ya bushe ya ja jiki, turken yana nan yana ja.

Malam Garba Kafinta:
Allahu akbar. Wato da gangan ake saɓa hudar. Shekara 34 ina koya wa yara cewa huda biyu dole su haɗu daidai. Gobe da sassafe zan faskara ƙirya in gwada.

Maman Iman, wata alfarma nake nema. In kin koma, ki ɗauko mini hoton inda ginshiƙin rumfar nan ya haɗu da icen da ke kansa, daga ƙasa, kusa sosai yadda zan ga kan turken. Ki sa hannunki a gefe don in gane kaurinsa.

Maman Iman:
An gama Baba. Sati mai zuwa aikin dare nake yi, amma ginshiƙan a bakin titi suke, ko gidan yana rufe zan iya ɗauka. In na tashi aiki da safe zan biya ta can kafin in wuce gida.